Ƙarfen Askin Malam Bitrus

Duk wanda ya san Malam Bitrus a unguwar Kwamba ya san shi da fuska tas kamar an wanke tangaran. Tun yana koyarwa a firamaren Gawu Babangida, har ya zama hedimasta, har ya yi ritaya ya dawo Suleja ya gina ɗan gidansa, ba wanda zai ce ya taɓa ganin gashi a haɓarsa. Kullum da safe, kafin matarsa Laraba ta sauke ruwan shayi, yana tsaye gaban madubin da ya rataye a jikin bishiyar mangwaro, fuska duk kumfa, yana ɗan rera waƙar coci ta hanci.

Abin askinsa wani tsohon ƙarfe ne da ya saya a Kaduna tun kafin ya auri Laraba. Ana murza mariƙinsa kan ya rabu, a saka reza mai baki biyu, a mayar a ɗaure. Bakinsa da haƙora kamar na matsefi, rezar kuma a fili take, ba abin da ya tare ta sosai. Malam ya san halinsa, shi ma ya san halin Malam. Laraba ba ta taɓa damuwa da shi ba, iyakarta ta ɗauke shi daga bakin randa in ya manta.

Da farkon damina hawan jini ya kayar da Malam a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya kwanta a asibiti ya daɗe, Laraba na kwana a tabarma gefen gadonsa. Allah ya sa da sauran kwana, magana ta dawo a hankali, ƙafa ta fara ɗaukarsa da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Ranar da aka sallame su likita ya ja Laraba gefe ya ce, "Mama, cikin magungunan nan akwai mai tsinka jini. Ki kula kada ya yanke ko ya ji rauni, don jinin zai yi wuyar tsayawa."

Suka dawo gida da gemu. Gemu ne cunkus, furfura ta cinye rabinsa, kuma gashin Malam irin mai tauri ne da ke nannaɗewa. Laraba ta kira mai aski daga bakin titi ya zo da injin askinsa. Kashegari wuyan Malam ya feso da ƙuraje, ya kuma ce ba wanda zai ƙara riƙe masa kai yana juyawa kamar kabewa a kasuwa. Ta sayo rezar roba irin ta yarwa, gashin ya toshe ta tun a jan farko. Daga nan aka bar gemu ya ci gaba da harkarsa, Malam kuma ya daina zama a ƙofar gida. In baƙi suka zo dubiya, sai ya juya fuska bango ya ce barci yake ji.

Wannan ne ya fi damun Laraba. Ciwo ta ga yana sauƙi, amma mutumin da ta sani yana neman ɓace mata a bayan gashi.

Ana nan sai Fasto Istifanus ya zo gaisuwa, ya ce jama'a na tambayarsa, ya kamata ranar Lahadi mai zuwa a kawo Malam coci a yi godiya ga Allah. Sai da Fasto ya fita Malam ya juyo wajen Laraba.

"Maman Gidiyon," in ji shi, harshensa na ɗan nauyi, "ba zan shiga gidan Ubangiji kamar bunsuru ba. Ɗauko ƙarfena. Ke za ki yi mini."

"Ni, Malam? Ban taɓa ba fa."

"Kin shekara nawa kina kallona? Ɗauko."

Ta ɗauko. Ta rage gemun da almakashi, ta jiƙa da ruwan ɗumi, ta shafa sabulu har ya yi kumfa. Ya nuna mata da hannun hagu yadda za ta karkata ƙarfen. Kuncin dama ya fita lafiya, har ta fara jin ƙarfin gwiwa. Da ta zo ƙasan muƙamuƙi, inda fatar ta saki saboda ramar jinya, sai ta ɗan danna. Ba ta ma ji komai ba. Kawai ta ga kumfa ta zama ja.

Yankan bai kai tsawon farce ba. Ta dafe da tawul, ta ɗaga, jini na nan. Ta sake dafewa, ta karanta addu'ar Ubangiji a zuci, ta ɗaga, yana nan yana tsiyaya har wuyan riga. Maganar likita ta faɗo mata. Ta fita ba ko takalmi ta buga ƙofar maƙwabciyarsu Mmesoma, wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke jikin nasu.

Mmesoma ta zo da auduga da filasta, ta danna wurin da ƙarfi ta ƙi ɗagawa, tana yi wa Malam hira da gurguwar Hausarta don ya saki jiki. An daɗe kafin jinin ya haƙura. Da ta gama ta ɗauki ƙarfen ta juya shi, ta dubi Laraba.

"Mama, wannan abu kar ki sake sa masa. Yau ya tsaya. Gobe ban sani ba."

Malam ya koma ɗaki da rabin fuska a aske, rabi da gemu, ga filasta a wuya. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Abincin rana ma bai taɓa ba.

Da yamma ɗansu Gidiyon ya biyo ta gidan daga wurin aiki a Abuja, kafin ya wuce Gauraka inda yake zaune da iyalinsa. Ya tarar da uwarsa a bakin murhu ta zuba tagumi. Ta ba shi labari. Ya ɗauki ƙarfen ya dudduba, ya zaro waya ya yi ta latse-latse.

"Mama, kin san irin wannan ƙarfen nemansa ake yi yanzu? Ga mutane nan a intanet suna ta gardama. Wasu sun ce na da sun fi na yanzu komai, wai sayen sabo mai tsada ɓarnar kuɗi ce. Sai dai irin na Baba, mai haƙoran nan, sun ce sai gwani. Akwai tsofaffi masu sauƙin baki, in na zaga wajen 'yan gwanjo ƙila in dace da araha."

"In ka dace. In kuma ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe fa, wa zai gaya maka?"

"To, akwai sababbin. An yi su yadda rezar ke leƙowa kaɗan kawai, a ɗaure tamau ba ta motsi, ko an danna ba ta cika kama fata ba. Na taɓa gani a wani kanti a Wuse. Amma Mama, kuɗinsa ya kusa na buhun shinkafa."

Laraba ta dubi tawul ɗin da ta jiƙa a bokiti, ruwan ya yi jaja-jaja.

"Ni ban san ƙarfe ba," in ji ta. "Jini na gani. Masu gardamar nan hannunsu biyu lafiya lau, su yi ta yi. Ka sayo sabon. Shinkafa mun ci a baya, za mu ci a gaba."

Kashegari Gidiyon ya kawo shi cikin ɗan kwali. Fari ne ƙal yana sheƙi, mariƙinsa da zane-zane masu kaushi don kada ya sulluɓe a hannu mai sabulu. Malam ya karɓa da hagu ya auna nauyinsa, ya tambayi kuɗin. Gidiyon ya so ya kauce, uban ya tsare shi da ido har ya faɗa.

"Kun haukace," in ji Malam. "Reza ɗaya ce a ciki, irin wadda ake sayarwa a teburin mai shayi. Kun sayi kwalliya. Mayar musu."

"Baba, ba sa karɓa in an buɗe."

"To ka kai wa matarka ta yi ado da shi."

Ya ture kwalin gefe. Gidiyon ya tafi ransa a ɓace. Laraba ta ɗauke kwalin. Ta san mijinta: in aka matsa masa sai ya kafe kamar jaki a bakin gada. Ta ɗauki tsohon ƙarfen ta naɗe a tsumma ta jefa ƙasan akwatinta. Sabon kuma ta saka masa reza ta ajiye a kan tagar da ke kusa da mangwaro, tare da sabulu, kamar mantuwa ta yi.

Kwanaki suka wuce yana nan inda ta ajiye shi. Ɓarin da ta aske ya fara tsirowa. Ta fara shirya abin da za ta gaya wa Fasto, cewa jikin ne bai yi ƙwari ba tukuna.

Ranar Asabar da safe an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Tana kicin tana dama koko sai ta ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ta nufi wajen mangwaro. Ta leƙa ta taga. Malam ne tsaye, ya jingina kafaɗa da bishiya, ya rage gemun da almakashi iya yadda hagu ta iya, yana shafa kumfa. Sabon ƙarfen na hannunsa.

Ta ajiye ludayi za ta fita, sai ta tsaya. In ta fita zai ajiye, kuma ba zai ƙara ɗauka ba. Ta janyo auduga da filastar da Mmesoma ta bar mata ta riƙe a hannu, ta tsaya a bayan ƙofa.

Hannun hagu bai saba ba. Yana rawa, yana zuwa a karkace, wani lokacin ya danna fiye da kima har ta ga fatar ta lotsa. Duk jan da ya yi sai ta runtse ido, ta buɗe ta duba kumfar. Fara. Ya sake ja. Fara. Ya zagaye tsohon yankan a hankali, ya bi haɓa, ya bi ƙasan hanci yana tura leɓe da harshe yadda ya saba. Koko ya yi gudaji a tukunya, ba ta ko waiwaya ba.

Can ta ji wani abu da ta daɗe ba ta ji ba. Yana rera waƙa ta hanci, muryar na karkarwa, amma waƙar ce.

Sai a lokacin ta zauna a kan turmi. Hawaye suka zubo, ta bar su.

"Maman Gidiyon!" ya kira. "Na san kina nan a laɓe. Zo ki duba mini nan, madubi ba ya nuna mini."

Ta goge fuska da bakin zane ta fito, ta ɓoye audugar a baya. Ya bar wani ɗan tsibiri na gashi a ƙasan kunnen hagu, da wani a maƙogwaro. Ya miƙa mata ƙarfen. Ta karɓa. Ta ja a hankali, gashin ya tafi, fata ta fito lafiya. Ta sake ja, ta ga ko ita da ta yi ɓarna ranar nan abin bai kama ba.

Ya wanke fuska, ya shafa kunci da bayan hannu, sama da ƙasa, yana yamutsa baki.

"Bai kai nawa kwashewa ba," in ji shi. "Nawa ja ɗaya ne. Wannan sai ka bi wuri sau biyu."

"To a mayar musu?"

Ya harare ta ta cikin madubi, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. "Ga mai hannu biyu asara ce, har gobe ina nan a kan bakana. Amma ba ya cizo. Mai hagu ba ya raina abin da ba ya cizo." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ki kira yaron nan ki ce ya zo da mota gobe da wuri. Kuma a goge mini farar rigata."

Da yammar ranar ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida. Masu wucewa suka yi ta tsayawa suna gaishe shi, har da Alhaji Muhsin mai shagon siminti, wanda ya ce ai ya zaci Malam ya koma ƙauye ne. Suka yi ta hirar yadda sababbin gidaje suka cinye gonakin Maje har aka kira magariba, Alhaji ya tashi ya nufi masallaci.

Ranar Lahadi coci ta cika. Da Malam ya shigo da sandarsa, Gidiyon na riƙe da gwiwar hannunsa, zumuntar mata ta ɗauki guɗa. Ya tsaya a gaba ya yi godiya da bakinsa, kalma ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gaggauta shi. Laraba na zaune a layi na biyu cikin anko, tana kallonsa har ya koma ya zauna.

Fasto Istifanus ya hau wa'azi. Bai yi nisa ba kan Laraba ya fara rinjaya, ya sauka a kafaɗar matar da ke kusa da ita. Matar ta ɗaga hannu za ta taɓa ta, sai ta dubi fuskarta ta fasa. Ta gyara mata ɗankwali, ta bar ta ta yi barcinta har aka tashi yin waƙar rufewa.