Madarar da Ta Je Dubiya Sau Huɗu

Assalamu alaikum mutanena na wannan shafi, da masu karantawa su yi sharhi, da masu karantawa su sulale kamar ba su gani ba, duk ina gaishe ku. Yau daga unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato na ɗauko muku labari, ku gyara zama. Kanawa, in kun ji bakin mutanen ya yi muku nauyi, ku daure.

Lantana mace ce da ba a taɓa gani kwance da rana ba. Masa take soyawa a ƙofar gida, kuma in ta ƙwala wa mai kabu-kabu ɗaya kira, uku ke tsayawa. Mijinta Bawa na da ɗan shago manne da zaure: madara, lemun kwali, sabulu, da wani tsohon firji mai gurnani wanda ruwan sanyinsa ke riƙe da gidan.

Wata rana aka ce ana yi wa mata hoton mama kyauta a wani asibiti. Lantana kuwa ko allurar jaki ce, in dai an ce kyauta, za ta miƙa hannu. Ta je, na'ura ta matse ta har sai da ta kira sunan kakarta. Ranar Juma'a aka kira ta karɓar sakamako. Wata ma'aikaciyar jinya, Khairiyya, ta zaunar da ita.

"Inna, hoton na hagu bai hito sarai ba. Akwai wata 'yar inuwa. Ba mu ce ciwo na ba, ba mu kuma ce lahiya lau ba. Sai an sake hoto, a haɗa da sikanin."

"To ku sake mana, ɗiyata. Ga ni, ga shi, tare munka zo."

"Na kyauta ya ƙare, Inna. Wanga dubu arba'in da biyar. Alhamis mai zuwa likita zai zauna."

Lantana ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙofar asibiti ba. A cikin keke napep hannunta na manne da ƙirji har gida. Ta tuna gwaggonta Sadiyatu, wadda ta ɓoye nata ciwon maman cikin zane shekara biyu, sai da wari ya tona.

Bawa da ya ji, ya cire hula ya sosa kai. "Sai in saida firji."

"Malam, ka saida firji cikin zahin Sakkwato? Mu ci mi? Mu ci inuwar?"

Ta buga waya ga dangi biyu. Na farko ya yi mata addu'ar da ta cinye mata katin waya. Ta biyu ta ce Allah ya hore, ta ɗora da tambayar ko ta ga ankon bikin 'yarta Jamila.

Washegari da hantsi sai ga maƙwabciyarta Maimunat da sallama, an ce mata an ga Lantana a asibiti. Ku dai kun san halinmu: mutum zai iya hana ka naira ɗari biyar ido da ido, amma ba zai shiga dubiya hannu rabbana ba. Kuma ba a tunawa da tsarabar sai an iso ƙofar gidan. Maimunat ta tsaya shagon Bawa ta sayi madarar gwangwani uku, ta shigo ta dire su gaban Lantana, wadda ke tsaye tana dakan shinkafa kamar mai faɗa da turmi.

Bayan ta fita, Lantana ta harari madarar. Ita da ko shayi ba ta sha. Ta kwashe ta miƙa wa Bawa ta tagar shago. "Mayar bisa kanta, ka saida ma wani."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya cak. Ta dawo a hankali.

"Malam. Kuɗɗin Maimunat na ina?"

"Ga su cikin durowa."

"Madarar kuma?"

"Ga ta bisa kanta."

Suka kalli juna. Bawa ya ce, "Lantana, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin shi. Shi ya sa ban son in tahi wurinai da wuri. Shimhiɗa min katihwa."

Kafin azahar an ɗauke kaskon masa, an sauke labule, Lantana ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta. Ba ta ce wa kowa ga abin da ke damunta ba, kunya ba ta bari. In an tambaya sai ta lumshe ido ta ce, "Jiki dai." Labarin cewa Lantana, Lantanar masa, ta kwanta da rana, ya fi sanarwar rediyo gudu. Mace ce da ba bikin da ba ta zuwa, ba sunan da ba ta tuƙa tuwo, don haka mata suka fara ɓullowa kashi-kashi. Kowace ta tsaya shago, ta saya, ta shigo, ta ajiye, ta yi sannu. Da sun fita, kaya su bi ta taga su koma kanta. Wani lemun kwali bai ma huce daga sanyin firji ba ya je ya dawo.

Wahalar ita ce kwanciyar. Bayan Lantana bai saba da katifa da rana ba. Ga magunguna: wata ta ce zuma da tafarnuwa, wata ta ce sammu ne, kuma ta san wadda ta yi, wata ta shafe ta da wani mai da ya sa ƙudan unguwa duk suka yi ƙaura zuwa ɗakin. Ran Litinin tana tsakiyar cin tuwo da miyar kuka aka yi sallama, ta tura kwanon ƙarƙashin bargo, ta yi awa ɗaya tana nishi, miya na ƙona mata cinya. Matan suka fita suna cewa, "Kun ga gumin da take yi? Abin ya yi tsanani."

A ranar ce Hajiya Ummukulthum ta iso daga Ƙofar Taramniya. Yayar Bawa ce, 'yar kasuwar atamfa, mai idon da ke gane jabu daga ƙetaren titi. Ita ba ta sayen ƙaramin abu. Ta nuna babban gwangwanin madarar gari, wanda ya fi komai tsada a shagon, mai ɗan loɓawa a gefe, ta biya, ta kai wa matar ƙaninta.

Ran Laraba ta dawo. Ta tsaya gaban kanta, ta daɗe tana kallo.

"Bawa, wanga gwangwani, ina ka samo shi?"

"Sabon kaya na, Yaya."

"Dut da loɓawar anka yo su daga kamfani?"

Bawa ya fara goge firji da ba datti a jikinsa. Hajiya ta biya, ta rungumi gwangwanin ta shiga. Ɗakin cike da mata, har da Maimunat. Lantana na kwance tana fitar da "wayyo" ɗaya-ɗaya.

Hajiya ta dire gwangwanin a tsakiyar ɗaki. "Lantana, tashi ki gaishe shi. Ya hi ni zumunci. Ni zuwana biyu, shi ko nawa?"

Lantana ta buɗe ido ɗaya, ta rufe, ta ga ba mafita, ta tashi zaune.

"Huɗu, Yaya."

"Ciwon ƙarya kika kwanta ma?"

Lantana ta zaro takardar asibiti daga ƙarƙashin matashi. Ta faɗa musu komai: inuwar, na hagu, Alhamis, kuɗin. "Ban san ko ƙarya nika yi ba, Yaya. Su ma likitocin ba su sani ba. Gobe za a sani. Ni dai ban son in yi irin ta Gwaggo Sadiyatu."

Hajiya ta zauna bakin katifa. "Da kin hwaɗi mana."

"Na hwaɗi ma mutum biyu. Addu'a nag samu da tallan anko."

Sai Maimunat ta kece da dariya. "Hajiya, ke sai yau kika gane? Ni tun Lahadi. Lemun nan mai yagaggen kunne sau uku ina sayen shi. Na ce macen da ta bar kaskon masa ta kwanta, ba banza ba. Kuɗɗi in na miƙa mata, ba ta amsa gaban mutane."

Wata daga ƙofa ta ce, "Ni ma sabuluna na gane shi, na dai kama bakina."

Hajiya ta tambayi abin da ya rage, aka ce dubu shida. Ta cire ɗankwalin Lantana ta shimfiɗa a ƙasa. "Ku zuba nan. Bawa ya huta da zirga-zirgar taga." Kafin la'asar kuɗin sun cika.

Ran Alhamis Hajiya da kanta ta raka ta. Aka sake matse ta, aka shafa mata wani sanyin mai, aka zagaya da na'urar sikanin. Lantana ta ƙura wa bakin likita ido, ko numfashi ba ta yi sosai. Likita ta ce ƙullin ruwa ne, ba na cuta ba, amma lallai ta dawo bayan wata shida a sake dubawa.

Sai da ta yi sujada a nan ƙasan ɗakin, sannan ta ɗago. "Likita, na wata shidan, kyauta na?"

"A'a, Inna."

Da suka iso gida, Bawa na tsaye bakin shago yana jira, carbi a hannu. Ta faɗa masa, ya yi hamdala har da hawaye. Ta bar shi ya gama, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka hwara koyon nishi. Ni an gane ni. Bayan wata shida kai za ka kwanta."

To jama'a, ga ku ga sharhi. Da ku ne a wurin Lantana, za ku shimfiɗa katifa, ko za ku ci gaba da buga waya ana yi muku Allah ya hore? Ku kuma masu zuwa dubiya da lemun kwali, da kun gane naku a kanta, za ku tona, ko za ku sake saye?