Ruwan Zafin Goggo Iyatu

"Ai da idona nake gani, Nas! Yarinya na kakkarwa kamar mazari, ki ce kar in gasa mata ƙafa?"

Goggo Iyatu ke nan a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Dutse, filas ɗin ruwan zafi a hammata, tsumma a hannu. Tun daga Jahun ta rako 'yar ƙaninta Mahbuba, haihuwar fari. Kaf danginsu kuwa babu mai naƙudar da ba ta sha gashin Goggo ba, kuma ko a gidan suna sai ta san yadda ta yi ta sako zancen.

Nas Rabi'atu ta ƙara wa Mahbuba bargo, ta juyar da ita gefen hagu, ta auna jininta.

"Goggo, allurar kashe zafin da aka yi mata a baya ce ke kawo rawar jikin, kuma za ta lafa. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta ji sosai. Ko ruwan nan ya saɓule mata fata ba za ta ce wayyo ba."

"Dama 'yar Fulani na cewa wayyo ne?"

"Wannan ba kunya ba ce, allura ce."

Iyatu ta taɓe baki. In ta koma Jahun aka ji an haihu ba da hannunta ba, da wane ido za ta kalli matan gidan? Ta faki idon Nas, ta zura hannu ƙarƙashin bargo ta gantsara wa cinyar Mahbuba mintsini, irin mai sa ƙato ya yi tsalle. Ko gezau! Baiwar Allah na ta susar wuya, ita ƙaiƙayi ne ya ishe ta.

Jikin Goggo ya ɗan yi sanyi, amma bakin ina!

"Shi ma ƙaiƙayin na allurar ne," in ji Nas. "Taimaka mini, Goggo, jiƙa tsumman da ruwan sanyi ki goga mata wuya."

"Ruwan sanyi? Ga mai naƙuda? Tun kafin a haifi uwarki nake…"

"Goggo," Mahbuba ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "don Allah ki yi yadda ta ce."

Iyatu ta juyo ta dube ta.

"To, madalla. Ga ki ga sabuwar goggonki."

Ta gyara mayafi, ta fice, ta bugo ƙofa da ƙarfi.