Yayar Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Tun da aka shiga kakar wasan ƙwallon zari-ruga ta bana, garin ba shi da wata hira sai zagin 'yan bayan ƙungiyar Karkanda. A rediyo, a shagon aski, a layin sayen kofi, maganar ɗaya ce: duk faɗin ƙasar babu ƙungiyar da ake zura wa maki kamar su. 'Yan gaba su ciyo maki da gumin goshi, 'yan baya su rabar da shi sadaka kafin a tafi hutun rabin lokaci. Cikin masu tsaron bayan kuwa, wanda bakin mutane ya fi kamawa shi ne mai lamba ashirin da bakwai, Kendrell Whitlow, mai tsaron gefe. Wani mai shirin rediyo ya raɗa masa suna Ƙofa, wai kowa ya zo wucewa yake yi, ko sallama babu. Sunan kuwa ya bi shi.

Lanette Ossery tana jin duk wannan daga bayan tagar ɗakin ba da magani na asibitin da take aiki. Babu wanda ya san Ƙofa ƙaninta ne. Uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa, don haka sunan bai tona ta ba. Da farko ta ɓoye ne don kada a dame ta da roƙon tikiti. Yanzu kuwa ita ma ta san ba tikiti ba ne.

Ita ta ƙarasa renonsa. Mahaifiyarsu ta rasu yana makarantar sakandare a wani ƙaramin gari na Mississippi, ita kuma tana jami'a. Ita ke kai shi atisaye cikin zafin da ke narkar da kwalta, ita ke ɗora masa ƙanƙara a gwiwa tana haddar sunayen magunguna. Suna da wata al'ada tun daga lokacin. Kafin a take wasa zai ɗaga kai ya nemi rawayan gyalen ulun da mahaifiyarsu ta saƙa. In ya hango shi a wuyan yayarsa, sai ya ƙwanƙwasa hular kwanonsa da yatsa, ita kuma ta ɗaga gyalen sama. Har ya zama ƙwararren ɗan wasa, har aka sayo shi zuwa garin da take aiki, ba su daina ba.

Amma bana ta daina zuwa kujerun iyalan 'yan wasa. Ta ce masa an canza mata ranakun aiki.

"Ba komai, Yaya," ya ce a waya. "Marasa lafiya sun fi ni buƙatarki." Ya yi dariya. "Ko da yake mu ma gab muke da a kwantar da mu."

Wata ranar Juma'a sai ga Gus Pawlak, tsohon da ke gyaran bututun ruwa a asibitin, ya jingina da tagarta. Kujeru biyu gare shi a filin wasa, gado daga ubansa, ruwa ko ƙanƙara ba ya fashi.

"Malama mai magani, Lahadi kina da aiki?"

"Ba ni da shi, Baba Gus."

"To an gama. An yi wa matata Dot aiki a gwiwa, ba za ta iya hawa matakala ba. Ke za ki zauna a kujerarta. Ki zo ki ga yadda ake kashe tsoho da rana tsaka."

Ta buɗe baki za ta kawo uzuri, ta tuna da bakinta ta ce ba ta da aiki.

Ranar Lahadi iska mai sanyi ke busowa daga tafkin da ke gefen garin. Ta jawo gyalen ta naɗa a wuya ba tare da ta yi tunani ba, kamar yadda hannu ke zuwa baki. A filin ajiye motoci an buɗe bayan motoci, hayaƙin gashi ya turnuƙe. Gus ya miƙa mata nama a cikin burodi, albasa tana zuba. Sannan ya jawo wani ƙunshi daga bayan motarsa: jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa, irin waɗanda ake zuba cefane a kanti. Ya riga ya huda wa kowace ramukan idanu.

"Rabon da mu sa waɗannan tun ina da gashi," ya ce yana rarraba wa maƙwabtan kujerarsa. "Ba ma fasa zuwa, mu ba maciya amana ba ne. Amma kada wanda ya ga fuskata a talabijin. Ina da jikoki."

Aka kwashe da dariya. Kowace jaka da abin da aka rubuta a goshinta. Ta Lanette an zana ƙofa a wangale, a tsakiyarta an rubuta 27 ɓaro-ɓaro.

"Ke na ba wa mai kyan," in ji Gus.

Ta riƙe jakar kamar an ba ta garwashi. Kalma biyu kawai ake buƙata: ƙanina ne. Ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita, jajaye saboda sanyi da giya, kowa yana jiran ta yi dariya. Ta yi dariyar.

Ba ta sa jakar ba sai da aka fito fili. Ta hango shi can ƙasa, siriri a cikin manyan ƙarti, yana tsalle-tsallen ɗumama jiki. Ya juya wajen kujerun iyalai ya daɗe yana dubawa, sannan ya sunkuyar da kai ya gyara safar hannunsa. A lokacin ne ta zura kanta cikin jakar. Ta gaya wa kanta don kada ya gan ta ne. Cikin jakar warin albasa da numfashinta kawai take ji.

Wasan ya tafi yadda aka saba. Mai jifan ƙwallo na ƙungiyar baƙi ya tsaya a bayan mutanensa hankali kwance, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, babu wanda ya matsa masa. Ya wurga ƙwallo can gefe. Mai kamawa ya yi kamar zai shiga ciki, ya karkace waje, ya bar Kendrell taku guda a baya. Taku guda ya isa. Maki shida.

"Ƙofa! Ƙofa! Ƙofa!"

"A sa mata sakata mana!" wani ya kwarara ihu daga baya.

"Kakata ta fi shi gudu," in ji Gus daga cikin jakarsa, "kuma ta shekara talatin a kabari."

Lanette ta san abin da idon Gus bai gani ba. Ta san babu mai tsaron gefen da zai iya riƙe mutum in an bar mai jifa ya sha shayi kafin ya yi jifa. Ta san wanda ya kamata ya rufa wa Kendrell baya sabon yaro ne, ya bi wani can daban. Ta san ƙaninta da baya yake gudu, yana bin mutumin da ya san inda za shi. Ta kuma san allurar da ake yi masa a idon sawu kafin kowane wasa, har sunan maganin ta sani. Duk ta haɗiye.

Gab da hutun rabin lokaci aka tsayar da wasa don talla. 'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko suna shan ruwa. Mai ɗaukar hoto yana yawo da na'urarsa cikin 'yan kallo, sai ya faɗo kan layin 'yan jaka. Filin gaba ɗaya ya ɗauki sowa. A babban allon da ya kai girman gida, ga Gus yana rawa da tumbinsa, ga jakunkuna a jere, ga ta tsakiya mai ƙofa da lamba 27. A ƙarƙashinta kuma ga rawayan gyale, har da wurin da zaren ya ƙare mahaifiyarsu ta ƙarasa da wani rawayan da bai yi daidai da na farko ba.

Kendrell yana kallon allon, gorar ruwa a hannunsa. Bai kai ta baki ba. Ya tsaya har hoton ya canza. Sannan a hankali ya juyo, ya bi kujerun da ido har ya tsaya a kansu. Hannunsa ya taso kamar zai kai ga hular kwano, ya tsaya a hanya, ya koma.

Da ƙasa za ta tsage da Lanette ta shige. Jakar da ta sa don ta ɓuya ita ta kai ta gaban mutum dubu saba'in, kuma mutum ɗaya tak a cikinsu ya gane ta.

Bayan hutu abin ya ƙara lalacewa. Mutane suka fara sulalewa don su riga cunkoson motoci. Wasa ya kusa ƙarewa, an ba Karkanda ratar da ko a mafarki ba za su cike ba, sai wani ɗan gudun baƙi ya fasa tsakiya ya fita fili fetal. 'Yan baya suka bi shi kaɗan suka sassauta, don babu abin da ya rage a ceta. Mutum ɗaya ne bai sassauta ba. Daga can ɗaya gefen ya taso, yana ɗingishi a bayyane, ya yanko fili a karkace. Ya bi shi, ya bi shi, ya yi sufa ya kamo ƙafarsa, suka zube saura ƙiris a kai layin cin maki.

A zubi na gaba baƙin suka tura ƙwallon ciki, suka ci makinsu duk da haka.

"Wahalar banza," in ji wani.

Kendrell ya miƙe da ƙyar, ciyawa a maƙale a hularsa, ya koma wurinsa ya durƙusa yana jiran na gaba. Haka yake tashi tun yana yaro. Ita ta koya masa, a bakin kabarin uwarsu, cewa a gidansu ba a kwanciya a inda aka faɗi.

Ta cire jakar. Iska ta mari fuskarta.

"Baba Gus."

"Na'am, 'yata? Zafi ya dame ki?"

"Ƙanina ne."

"Wa?"

"Ashirin da bakwai. Cikinmu ɗaya. Ni na rene shi."

Ramukan jakar Gus suka tsaya a kanta. A hankali tsohon ya zare tasa jakar, gashinsa ɗan kaɗan ya mimmiƙe.

"Haba, Lanette. Haba! Kika bar ni ina ta sakin baki tun farkon kaka? Har kakata na tono!" Ya murza jakar a hannunsa. "Kuma ni na ba ki wannan. Me ya hana ki jefa min ita a fuska?"

"Kunya."

"Kunyarsa?"

"Da safe tasa ce. Yanzu tawa ce."

Ta jira shi a ƙofar da 'yan wasa ke fita, rana tana shirin faɗuwa. Shi ne kusan na ƙarshe. An ɗaure masa ƙanƙara a sawu, yana tafe yana jan ƙafa. Da ya gan ta bai yi mamaki ba.

"An tashi daga aikin ke nan?"

"Auta..."

"Na ga gyalen Mama a allo. Ya yi kyau. Bai taɓa fitowa da girma haka ba."

Ta miƙa masa jakar, don ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Ya buɗe ta, ya dubi zanen.

"Ko hannun ƙofar ba su sa ba," ya ce. "Yaya, mutum dubu saba'in suna kirana Ƙofa, ba ya hana ni barci. Sun biya kuɗin kujera, bakinsu ne. Gobe da safe koci zai kunna hoton wasan nan a gaban kowa, ya tsayar a kaina, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Wannan ma zan iya. Amma duk Lahadi sai na duba kujerar nan."

"Na sani."

"Da kin ce min ba za ki iya kallo ba, da na gane."

Ba ta ce ya yafe mata ba. Ta san bai kai nan ba tukuna, kuma ba ta son yafiyar da za a ba ta don a rabu da ita. Ta karɓi jakar kayansa ta rataya a kafaɗa kamar yadda take yi yana sakandare. Ya bar ta ta ɗauka, ya bi bayanta zuwa mota yana jan ƙafa.

Ranar Litinin ta shiga asibiti da rigar Karkanda a ƙarƙashin farar rigar aiki, lambar tana leƙowa. Labari ya riga ta isa. Wasu suka riƙa kauce wa idonta, wani likita kuwa ya ce, "Ki gaya wa ƙaninki ya riƙa juyo da kansa." Ta ce masa in ya iya gudu da baya daga nan zuwa ɗakin tiyata ba tare da ya faɗi ba, za ta isar da saƙon.

Wasan gida na gaba ba ta je kujerun iyalai ba. Kujerar Dot ta sake roƙa. Ta zauna a tsakiyar 'yan jaka da fuskarta a buɗe, WHITLOW a rubuce a gadon bayanta. Gus ya zo ba jaka, yana ta gunaguni wai kunnuwansa za su daskare.

"Yayar Ƙofa!" wani ya kira daga sama. "Ke ce Taga?"

Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma sunkuya ba. Ta miƙe tsaye, ta kwance gyalen ta ɗaga shi sama da hannu biyu.

Can ƙasa Kendrell ya duba kujerun iyalai, bai ga kowa ba. Ya juyo wannan ɓangaren. Ya daɗe yana kallonta, har hannuwanta suka fara sagewa. Ba ta sauke ba. Sannan ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa hular kwanonsa.

A jifan farko na baƙi aka wuce shi. Filin ya ɗauki "Ƙofa! Ƙofa!" Ya tashi ya karkaɗe ciyawa, ya koma wurinsa. Lanette tana tsaye.