Idon da Ke Saman Ƙofar Dillalai

Da Ƙungiyar Zumuntar Dillalan Hatsi ta Gumel ta cika shekara talatin, shugabanta Alhaji Haladu ya ce lallai a yi abin da za a riƙa tunawa da su. Aka tsayar da shawara a kafa ƙofar ƙarfe mai lanƙwasa a bakin layinsu, a zana alamomin ƙungiya a samanta. Sai dai ƙungiyar ba ta da alama ko ɗaya, don haka aka zauna ƙirƙira.

Alhaji ya zaɓi mudu, alamar adalci. Sakatare Ilu ya kawo tsani, wai ci gaba. Aka ƙara hannaye biyu suna musabaha, da taurari bakwai na mutum bakwai da suka kafa ƙungiyar. Wani ɗan ƙungiya, Sajo, wanda ya daɗe yana zargin ana tauye awo, ya dage sai an sa ido guda a tsakiya, babba, don kowa ya san ana kallonsa.

Ɗalha mai fenti aka ɗauko daga Maigatari. Aikinsa allon shagon aski ne, amma ya zuba basira a kan idon nan har da jan jijiyoyi. Duk inda mutum ya tsaya, sai ya ga shi yake kallo.

Kafin sati ya zagayo, gari ya ɗauka dillalai sun shiga ƙungiyar asiri. Masu keke suka daina shiga layin, sai su sauke fasinja a bakin ƙofa su juya. Mata masu sayen gero suka koma zagayawa ta bayan kwata. Ranar Juma'a Alhaji na cin tuwo, matarsa Kande ta zauna nesa da shi fiye da yadda ta saba.

"Alhaji, don Allah gaya mini gaskiya," ta ce. "Taurarin nan bakwai, mutanen da kuka bayar ne?"

Ya rantse mata biyar daga cikinsu suna raye, jiya ma ya sha shayi da ɗaya. Ta tambayi ina sauran biyun.

Washegari aka sake kiran Ɗalha ya rubuta ma'anar kowace alama a ƙasanta. Da ya iso kan idon, wuri ya ƙare, sai ya rubuta: "Ido ne kawai." Mutane suka ce ai dama haka za su ce.

Ana cikin wannan hali wani mai neman kansila, Ɗantala, ya zo daga Sule Tankarkar a kan babur, ya ja Alhaji gefe, ya raɗa masa cewa yana son a shigar da shi, kuma a shirye yake da kowane sharaɗi. Alhaji ya yi masa bayani har sau uku. Ɗantala ya yi murmushi, ya ce ya gane, gwada shi ake yi. Da Alhaji ya gaji, ya ce wa Ilu ya rubuta sunansa.

Tun daga nan Ɗantala bai taɓa fashin taron da ƙungiya ke yi duk Asabar ba. Yakan zauna a sahun gaba, ya yi awa biyu yana sauraron gardama kan ƙwarin wake da ɗinkin buhu, yana gyaɗa kai yana neman ɓoyayyar ma'ana. Zaɓe ya zo ya faɗi. Ya ce laifinsa ne, bai kai matakin da ake buɗe wa mutum sirri ba. A bara aka naɗa shi mataimakin sakatare, don ya fi kowa zuwa da wuri.