Numfashin Koro

Ranar Talata aka sare bishiyar pohutukawar gidan su Hinewai. Cutar tsatsa ta riga ta cinye ta, ganyenta duk ya yi rawaya. A gindinta aka binne cibiyar kowa na gidan, har da ta Nikau, ɗan Hinewai da teku ya tafi da shi bara.

Kafin a sare ta, Hinewai ta yanko tohon da cutar ba ta taɓa ba, ta kai ɗakin binciken da take aiki a garin Rotorua. Ta wanke, ta dasa su cikin kwalabe a kan kunun sinadari, ta rufe ruf. Maganin fitar da ganye ya karɓe su. Da ta mayar da su kan na saiwa, sai suka yi ta mutuwa. Kwalba ɗaya ta rage.

Kakanta, Koro Tamihana, ya biyo motar haya ya zo dubiya, da ƙunshin burodinsa.

"Wannan ce? Ko gashin hancina ya fi ta tsawo."

"Gashin hancinka ai ya fi kowa, Koro."

"Jikar banza. Kin gaishe ta kuwa?"

"Ba a buɗewa. Ko iska ta shiga, shi ke nan."

Ya gyaɗa kai. Ta fita haɗa masa shayi.

Da ta dawo, murfin yana hannunsa. Ya kafa hanci da goshi a bakin kwalbar, ido rufe, yana musayar numfashi da ita, yadda a al'adarsu ake tarbar ɗan gida da ya daɗe a waje. Kumatunsa sun jiƙe.

"Na gaya mata sunayenmu," in ji shi. "Wa zai yi saiwa inda bai san kowa ba?"

Hinewai ta karɓi murfin, ta mayar. Ta miƙa masa shayinsa.

Kafin mako ya zagayo, fumfuna ta fito a gindin tsiron, fara sol kamar auduga. Ganyen ƙasa ya soma baƙi.

Koro ya bugo waya da hantsi.

"Yaya mutuniyar?"

"Wani abu fari ya fito mata a ƙasa."

"Ban gaya miki ba? Saiwa ce. Na riga na haƙa mata rami, kusa da cibiyar Nikau."

Ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Kar ka zurfafa shi, Koro," ta ce. "Ƙarama ce."