Titin da Ya Bi ta Shagon Yaya

Kafin siyasa malamin firamare ne, mutum mai sanyin magana. 'Yan unguwa ne suka tura shi takarar kansila, don sun gaji da ruwan kwata da ke shiga musu ɗaki duk damina. Ya ci, ya sa aka gina kwalbati, tun daga ranar sunan Mai Kwalbati ya bi shi. Ya yi ciyaman na ƙaramar hukuma. Ya nemi majalisar jiha ya sha ƙasa, ya zauna gida har masu zuwa gaisuwa suka manta hanya. Zaɓe na gaba ya ci, daga baya gwamna ya naɗa shi kwamishinan ayyuka.

Bai daɗe a ofis ba injiniyoyi suka shimfiɗa masa taswirar sabon titi a kan tebur. Ya bi jan layin da yatsa, sai ya ga ya ratsa tsakiyar shagon kafinta da mahaifinsu ya bari, inda yayansa ke sana'a har yau.

Babban sakatare ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ana iya ɗan karkata shi. Sai dai zai ci gidajen da ke baya."

Mai Kwalbati ya san gidajen, ya koyar da 'ya'yansu. Ya sa hannu a yadda aka zana.

Bai aiki kowa ba, da kansa ya je. Ya tarar da Yaya yana yanka katako, fensir a bayan kunne, garin katako har gira.

"Yaya, titin nan ta shagon zai bi."

"Na ga jan fenti a bango. Na ce ƙila Auta bai sani ba."

"Na sani. Ni na sa hannu."

Yaya ya ajiye zarto. "Ba ka da ikon karkata shi?"

"Ina da shi. Amma sai an rushe gidajen maƙwabtanka."

Yaya ya sake ɗaukar zartonsa. Can ya ce, "To ɗaga ƙafarka, ka taka min katako."

Ranar da katafila ta zo, Yaya ya kwashe kayan aikinsa da teburin mahaifinsu, ya koma wata rumfa a bayan kasuwa. Ciniki ya ragu. Da aka zo buɗe titin an aika masa mota, ya ce yana da ƙofar da zai haɗa.

Ba su yi faɗa ba. In sun haɗu Mai Kwalbati kan durƙusa ya gaishe shi, Yaya ya amsa, ya tambayi yara, shi ke nan. Jini ba ya ƙarya, in ji matansu, a bar wa lokaci.

Titin ya yi kyau, jaridu sun yaba. Mai Kwalbati bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sai dai kullum da safe yakan ce wa direbansa su bi ta tsohuwar hanya, duk da ramukanta.