Wa Ya Gaya wa Malama?

…kuma ƙofar ma ba ta rufu sosai ba, ina jin tarin sakatariyarta daga nan. Wai duk abin da na faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Haka suke cewa ai. Haka Oga ya ce ranar da ya kira ni ofishinsa: “Tsakanina da kai ne.” Kafin a tashi aiki duk ’yan kwana-kwanan tasharmu sun san an turo ni wurin mai sauraron damuwar mutane. Dogo har da taɓa gefen kansa da yatsa in na wuce. Wasa wai.

Ba likitar mahaukata ba ce, in ji su. Hira kawai. To wace irin hira ce mutum ɗaya ke zuba, ɗayan yana gyaɗa kai?

Kujeru biyu, babu tebur a tsakani. Agogo a bayan kaina, inda ita za ta gani, ni ba zan gani ba. Da gangan ne. Wayarta a kife… me ya sa a kife? Ba ta rubuta komai, kuma wannan ya fi damuna. Wanda ba ya rubutu, akwai inda yake ajiyewa.

“Yaya barci?”

Ka ji ko? Barci. Cikin duk tambayoyin duniya. Wa ya gaya mata? Uwar yara ce — ita kaɗai ta san ina zabura da jiniyar da ba a kunna ba. Ita da Yaya. Kwanan nan in na shigo falo sai su yi tsit, Yaya ya hau tambayata farashin taya. Yaushe rabon Yaya da mota?

Na ce lafiya lau, Malama. Barci har da minshari.

Ta yi murmushi. Irin na Oga. Dama abin da suke so ke nan, in buɗe baki in ce ba ni da lafiya, ta aika musu, a sauke ni daga mota a kai ni sito in riƙa naɗe tiyo har in yi ritaya. Ni. Shekara da shekaru ni ke fara hawa tsani. Yaron da Oga ke son ba wa gurbina ko hular kwano bai iya ɗaurewa ba… ɗan ƙanwar matarsa ne, kowa ya sani.

Wani abu na ƙauri a ɗakin nan. A’a, turaren feshi ne. A’a —

benen da ke saman shagon teloli. Rana tsaka. Yadi ne ya kama, hayaƙinsa baƙi ƙirin, mai maiƙo, yana manne wa mutum a maƙogwaro. Wata mata tana ihu a titi, saura ɗaya, saura ɗaya a sama! Na laluba ƙarƙashin gado, nan yara ke ɓuya kullum. Ƙafar yarinyar na fara taɓawa. Ba nauyi, wallahi kamar filo. Da ɗuminta a ƙirjina har ƙasa, ina ce mata mun iso, mun iso. Ɗumin nan na ɗauka rai ne.

Suka tafa mini. Oga ya dafa kafaɗata a gaban mutane. Sai da yamma Dogo ya ce ai tun kafin ka ɗauko ta…

“Kana tare da ni?”

Ina zan je? Ina nan, Malama.

Duba yadda take kallon hannuna. Bari in sa shi a aljihu. A’a, in na sa za ta ce ɓoyewa nake. Komai mutum ya yi a ɗakin nan shaida ce a kansa. In ka yi shiru, da magana. In ka yi dariya, da magana.

Maganar dutsen guga fa? Tabbas sun gaya mata. Abin da bai kai ya kawo ba. Uwar yara tana goge kayan makaranta, riga ta ɗan ƙone, na fizge dutsen na yi jifa da shi waje. Shi ke nan fa. Ban taɓa kowa ba. Ta tsaya da riga a hannu tana kallona kamar baƙo ya shigo mata ɗaki… ranar ce ta kira Yaya. Na ji sautin muryarta ta bayan ƙofa. Da kuka take ko da tsoro? Ban iya bambancewa ba. Da na iya.

“Yaranka nawa?”

Ga ta nan, ta biyo ta bayan gida. Na ce uku. Ta ce ƙaramar fa, tana makaranta? Ta yaya ta san mace ce? Ni na faɗa? Na ce Auta, ina jin na ce ’yar Auta…

Auta. Da ta ji ƙarar ƙofa sai ta sheƙo da gudu, hannu biyu sama, Baba ɗauke ni. Sai in ce bayana na ciwo. Washegari in ce kayana da datti. In shafa kanta daga tsaye in wuce. Ba ta da nauyi, shi ne abin. Na san daidai yadda za ta kwanta a ƙirjina, da ɗumin — ba zan iya ba. Wannan kam ba wanda ya sani. Uwar yara ta saya mini man zafi don bayan. Yaya ya ce in rage ɗaukar kaya.

Jiya da na shigo, Auta ta ɗago daga wasanta ta dube ni. Ta ce sannu da zuwa, Baba. Kamar babba. Ta koma kan wasanta.

Ba ta ɗaga hannu ba.

Yaushe ta daina? Satin da ya wuce ta ɗaga? Wancan watan fa? Ina tsaye a wurin kullum, ya aka yi ban…

Malama ta daina gyaɗa kai. Ban sani ba ko a zuci na faɗi wannan, ko a fili.